No Country for Old Men: a fara da fim ɗin, ko a fara da littafin?

Duk wanda ya taso yana zuwa gidan kallo ya san ƙa'idar: akta ba ya mutuwa, in ma ta kama ya mutu, sai ya ga bayan bos tukuna. Fim ɗin No Country for Old Men, wanda wa da ƙani, Joel da Ethan Coen, suka fitar a 2007, bai san da zaman wannan ƙa'ida ba. Shi ya sa mutane da yawa ke tashi daga kallonsa rai a ɓace, wani har ya koma wurin mai tura finafinai ya ce kwafin da aka ba shi bai kai ƙarshe ba. Ya kai, haka aka yi shi. Daga nan sai a samu mai cewa ai daga littafi aka ɗauko labarin, a je a karanta littafin Cormac McCarthy na 2005, duk abin da ya shige duhu zai fito fili. Shawarar ba ta da laifi, amma akwai gyara a cikinta. A wuraren da fim ɗin ya fi ɗaure wa mutane kai, wani lokaci ɓoye amsar littafin ya yi, wani lokaci kuma canza ta ya yi ɗungurungum. Wanda ya ɗauki littafin a matsayin takardar amsa zai fahimci fim ɗin a baibai.

Ga wanda bai kalla ba, bai karanta ba, kuma ba ya son a fasa masa ƙwai, ga hukuncina a taƙaice: fara da fim ɗin, ka bar shi ya kwana biyu a ranka, sannan ka nemi littafin. Ka tsaya a nan, domin daga yanzu zan faɗi wanda ya mutu da wanda ya tsira.

Shekarar 1980 ce, a yammacin jihar Teksas ta Amurka, dab da iyakar Meziko. Llewelyn Moss, mai walda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Biyetnam, ya fita farautar barewa sai ya yi kiciɓis da motoci a tsakiyar daji, gawarwaki a warwatse, ga ƙunshin hiroyin jibge a bayan wata mota. Cinikin ƙwaya ne ya ɓaci. Ya bi sawun jini har ya tarar da gawar mutum na ƙarshe da jaka cike da kuɗi, dala miliyan 2.4 a littafi, fim kuma ya dunƙule ta zuwa miliyan 2. Ya ɗauka ya kai gida. Cikin dare barci ya ƙi zuwa, saboda ya baro wani mai sauran numfashi yana roƙon ruwa. Ya cika jarka ya koma, aka gan shi, ya tsere da ƙafa ya bar motarsa. Daga nan labarin ya zama na mutum uku: Moss yana gudu, makashin haya Anton Chigurh yana bin sa, sai Ed Tom Bell, sherif, wato zaɓaɓɓen shugaban 'yan sandan gundumar Terrell, wanda kullum sai an gama ɓarna yake isowa. Chigurh yana yawo da wata tukunyar iska mai kama da ta gas, haɗe da na'urar da ake sumar da shanu da ita a mayankar Turawa. Ƙarfe ne ke fitowa ya huda goshi ya koma ciki, don haka ba a samun harsashi a gawa, kuma da ita yake fasa makullin ƙofa.

A wannan matakin littafi da fim tagwaye ne. McCarthy ya fara rubuta labarin ne a matsayin rubutun fim kafin ya mayar da shi littafi, kuma alamar hakan tana nan: gajerun jimloli, wane ya shiga, wane ya zauna, wane ya loda bindiga, ba a shiga zuciyar Moss ko ta Chigurh. 'Yan gidan Coen sun kwashi maganganu da yawa kusan yadda suke. Fitowar nan ta gidan mai, inda Chigurh ya ritsa wani tsoho mai shago da tambayoyi, sannan ya jefa kwabo ya ce ya zaɓi fuska ɗaya ba tare da ya gaya masa abin da aka sa a cacar ba, tana nan a duka biyun. Har shekarar da ke jikin kwabon, 1958, da cewa ya yi shekara 22 yana tafiya kafin ya iso nan. Abin da fim ya ƙara shi ne yadda kyamara ta tsaya a kan ledar gyaɗar da Chigurh ya dunƙule ya ajiye a kan kanta, ledar tana warwarewa a hankali tana ƙara, tsohon kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Rubutu ba ya iya wannan.

Kafin a shiga bambancin ma'ana, akwai maganar wahala, kuma ga mai karatun da ya koyi Turanci a aji ba ƙaramar magana ba ce. Fim ɗin awa biyu ne da minti biyu. Littafin ya ɗan haura shafi 300, amma yana gudu, mai himma zai gama shi cikin 'yan kwanaki. Matsalar ita ce salon McCarthy. Ba ya sa alamar zancen wani, waƙafi ma sai ya ga dama, ga kalmomi an rubuta su yadda mutanen karkarar Teksas ke furta su, ga Sifaniyanci jefi-jefi ba fassara. Shafuka goma na farko za ka riƙa komawa baya kana neman wa ke magana. Bayan nan kunne ya saba. Fim ɗin ma bai kuɓuta ba: Tommy Lee Jones, wanda ya fito a Bell, ɗan Teksas ne na asali, yana tauna kalma kafin ya sake ta. Ka kunna rubutun ƙasan allo. Kuma kada ka kalle shi a waya cikin hayaniyar majalisa, domin kusan babu kiɗa a cikinsa, da ƙananan sautuka yake aiki. A otal ɗin Eagle Pass, Moss na zaune a duhu da bindiga, ya buga waya ƙasa wurin mai karɓar baƙi, muna jin wayar tana ta ƙara can nesa ba mai ɗauka. Sai ɗan kukan na'urar da Chigurh ke bin sawun jakar kuɗin da ita yana matsowa, sai inuwar ƙafa biyu a hasken ƙasan ƙofa, sai inuwar ta wuce, sai hasken ya mutu. Wanda janareta ke ruri a bayansa ya yi asarar rabin fim ɗin. Kuma ba na yara ba ne. Tun a mintunan farko ake shaƙe ɗan sanda da ankwa a gaban idonka.

Yanzu ga inda suka rabu.

Mutuwar Moss ita ce ta fi ƙona wa masu kallo rai. Mun bi shi fiye da awa ɗaya, ya yi wa Chigurh alkawari ta waya cewa zai nemo shi, muna jiran gamon. Sai ga shi a wani masauki a El Paso, wata mata a bakin wurin ninƙaya tana yi masa tayin giya, yana nuna mata zoben aure, allo ya dushe. Abin da muka gani na gaba Bell ne ya iso, wasu 'yan Meziko suna tserewa a mota, Moss kwance a ƙasa. Ba Chigurh ne ma ya kashe shi ba. Wanda ke fatan littafin zai nuna masa faɗan zai sha mamaki, domin can ma ba a nuna ba, a bakin wani ɗan sanda ake jin abin da mai shaida ya gani. Sai dai littafin ya cika abin da ya gabata. A can babu matar bakin ruwa. Wata yarinya ce matashiya da ta gudu daga gida ya rage wa hanya, suka yi doguwar tafiya suna hira, yana gaya mata cewa babu wani abu wai shi sabon farawa, duk inda mutum ya je jiyansa na biye da shi. Ya ba ta kuɗi, ya kama mata ɗakinta daban a wani masauki a Van Horn, ta yi masa tayin kanta ya ƙi. Da maharin ya zo, yarinyar ya kama ya ɗora mata bindiga a ka, Moss ya ajiye tasa don a ƙyale ta, aka harbe su duka biyun. Ke nan a littafi tausayi ya kashe shi sau biyu, na jarkar ruwa da na yarinyar, kuma matarsa Carla Jean ta rayu sauran 'yan kwanakinta da zargin cewa da wata ya mutu. Fim ya bar ka da tambayar ko ya karɓi giyar nan ko bai karɓa ba. A nan littafin ya fi, kuma ya fi nesa ba kusa ba. Hirar Moss da yarinyar ce wurin da ka fi sanin ko wane ne shi, fim ya yanke ta gaba ɗaya.

Ɗakin masaukin kuwa, shi ne aka fi yi wa gardama. A fim, bayan an kwashe gawa, sherif na El Paso ya yi wa Bell zancen yadda mutumin nan ya taɓa komawa otal ɗin da ya yi kisa ya sake yin wani. Bell ya yi shiru, ya koma masaukin shi kaɗai cikin dare. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga an fasa makullin da na'urar nan. Sai aka nuna mana Chigurh a cikin duhu, bindiga a hannu, yana kallon ramin makullin daga ciki. Bell ya zare tasa, ya tura ƙofa har ta bugi bango. Ba kowa. Ya duba banɗaki, taga a kulle ta ciki. Ya zauna a bakin gado, sai ya ga an kwance murfin bututun iska, irin wurin da Moss ke ɓoye jakar kuɗin, ga kusoshi a ƙasa, ga ƙaramin kwabo kusa da su.

To ina Chigurh? Wasu sun ce yana bayan ƙofa, amma ƙofar ta buɗe har bango. Wasu sun ce yana ɗakin da ke kusa. Wasu kuma sun ce aljani ne ko mutuwa ce da kanta, suna kafa hujja da cewa Bell da bakinsa ya ce wani lokaci yana ganin mutumin kamar fatalwa ne. Ni na fi karkata ga cewa abin da aka nuna mana tsoron Bell ne, hoton da ke cikin kansa a daidai lokacin da yake shawarar ya tura ƙofar ko ya juya. Chigurh ya riga ya zo ya tafi, kwabon ne shaida, domin mun ga ya kwance irin wannan murfi da kwabo a masaukin Del Rio tun da farko. Abin da ya rage a fitowar shi ne dattijo ya yi imani mutuwa na bayan ƙofa, kuma ya tura. Wannan ne ƙarshen jarumtar da ta rage masa. Bayan nan ajiye aiki ya yi.

Littafin bai bar wannan kokwanto ba ko kaɗan. Chigurh ya shiga ɗakin, ya ciro jakar daga bututun iska, ya koma motarsa a filin ajiye motoci, yana zaune sai ga Bell ya iso. Yana kallonsa, bindiga a cinya. Bell ya duba ɗakin, jikinsa ya ba shi cewa mutumin na nan cikin motocin, ya ja motarsa gefe ya kira ƙarin 'yan sanda, aka bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ba a samu kowa ba. Mutum ne mai jini da tsoka da wayo, ya sulale. To ka ga ba za ka ɗauki wannan ka warware fitowar fim da shi ba, domin fim bai sa shi a mota ba, ya sa shi a wurin da ba zai yiwu ya kasance ba, kuma da gangan.

Haka zancen kuɗin. Fim bai taɓa nuna jakar a hannun Chigurh ba, sai dai kwabon nan da kuma takardar dala 100 da ya miƙa wa wani yaro daga baya. A littafi ya ɗauki jakar ya kai wa wani babban mutum a ofis, ya ce ga kayanka, an taɓa kusan dala dubu 100, wani ɓangare sata, wani kuɗin hidimata, kuma ina so mu riƙa aiki tare. Wannan fitowar ta mayar da shi ɗan kasuwa mai neman babban abokin hulɗa, mai nuna cewa shi amintacce ne. Da 'yan gidan Coen sun sa ta, da duk masu cewa aljani ne sun yi shiru. Haka kuma littafin ya bayyana dalilin da ya sa muka fara ganinsa a hannun 'yan sanda: ya gaya wa Carson Wells, ɗayan maharbin hayar da aka turo ya tsayar da shi, cewa da gangan ya bari aka kama shi bayan ya kashe wani a wajen gidan abinci, don ya gwada ko zai iya kuɓutar da kansa da ƙarfin nufinsa kawai. A fim ba wanda ya yi wannan bayani. Kuma a littafi Moss ya taɓa ritsa shi da bindiga a ɗakin otal, ido da ido, ya ƙyale shi da rai. A fim manyan ukun nan kusan ba su taɓa haɗuwa a hoto ɗaya ba. Littafin bai ɓata lokaci kan kamannin Chigurh ba, ban da idanu shuɗɗa. Askin nan mai ban dariya da ban tsoro da muryar nan mai sanyi na Javier Bardem ne, ɗan Sifaniya, wanda ya ci kyautar Oscar da wannan rawa a Fabrairun 2008, daren da fim ɗin ya kwashi guda 4 cikin 8 da aka sa shi takara, har da ta gwarzon fim. Wannan ma dalili ne da masu son littafi ke bayarwa na a fara da karatu: in ka riga ka ga Bardem, ba za ka sake iya ƙirƙiro naka Chigurh ba. Gaskiyarsu ne. Ni dai ban ga asara a ciki ba.

Babban canjin, wanda a ganina shi ne ya raba ma'anar ayyukan biyu, yana ɗakin Carla Jean. Chigurh ya yi wa Moss tayi ta waya: kawo kuɗin in bar matarka, kai dai ba ka da mafita. Moss ya ƙi. Bayan Moss ya mutu, kuɗi sun dawo, ba abin da ya rage, sai ta dawo daga jana'izar tsohuwarta ta same shi zaune a ɗaki. Ya ce alkawari ya yi wa mijinta. Iyakar sauƙin da zai yi mata shi ne ya jefa kwabo.

A littafi ta ɗan ƙi, ta ce Ubangiji ba zai so ta yi haka ba, daga baya ta zaɓa, ta faɗi. Sai ya zauna ya yi mata dogon bayani, cewa kowane taku da ta yi a rayuwa shi ya kawo ta nan, hanyar mutum a zane take tun farko, shi ba shi da ta cewa. Ya tambaye ta ko ta gane. Tana kuka ta ce ta gane. Ya ce madalla, ya harbe ta. A fim, Kelly Macdonald, wadda ta fito a Carla Jean, ta dube shi ta ƙi zaɓa, ya sake cewa ta zaɓa ta sake ƙi, ta gaya masa kwabo ba shi da ta cewa, kai ne kawai. Amsarsa guntuwa ce, cewa shi da kwabon hanya ɗaya ta kawo su. Sai aka yanke, aka nuna shi a waje.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ana cewa ba a kafa hujja da ƙaddara a kan aikata saɓo zai gane abin da matar nan ta yi. Chigurh ya gina kansa ne a kan cewa shi ɗan aike ne kawai, hukuncin daga wani wuri yake zuwa. Mutane da yawa sun roƙe shi, suna cewa ba dole ne ka yi haka ba, yana yi musu dariya. Ita kaɗai ce ta ƙi shiga wasan, ta mayar masa da laifinsa hannunsa. A littafi hujjarsa ta yi nasara, har wadda zai kashe ta sallama masa. A fim ya kashe ta amma bai ci gardamar ba. Littafin ya fi duhu, fim ɗin ya fi adalci ga matar, kuma a nan ina bayan fim ɗin.

Na ce ya kashe ta, ko da yake ba a nuna ba, kuma akwai masu musu. Ka duba abin da ya yi da ya fito: ya tsaya a baranda ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba ƙasan takalminsa, ya ɗaga ɗayar ya duba. Fim ɗin ya riga ya koya mana cewa mutumin nan ba ya son jini ya taɓa shi. Ya ja labulen wanka kafin ya harbi wani a banɗaki a Del Rio, ya cire safarsa bayan ya gama, ya ɗaga ƙafafunsa ya ɗora a gado lokacin da jinin Wells ke malalowa yana tsaka da waya. Wannan ba ya cikin wuraren da fim ya bari a buɗe. Ya faɗa, da hannu ya faɗa maimakon baki. Abin da ya biyo baya ma ya ɗauki wani launi saboda ƙin da ta yi. Yana tuƙi, fitilar hanya ta ba shi kore, yana kan ƙa'ida, sai wata mota ta yi ciki da shi daga gefe, ƙashin hannu ya fito waje. Hatsarin yana cikin littafi, amma a fim ya zo mintuna kaɗan bayan an gaya masa cewa shi ba ƙaddara ba ne, sai ga shi zaune a bakin titi yana sayen rigar yaro ya rataye hannu, yana ba da cin hanci a ce ba a gan shi ba, kamar yadda Moss ya sayi rigar wani saurayi a kan gadar shiga Meziko yana zubar da jini.

Saura Bell, kuma shi ne ainihin dalilin da zai sa mutum ya sayi littafin. Babi 13 ne, kowanne da muryar Bell yake buɗewa, cikin karkataccen rubutu, yana magana da kai kai tsaye. Kafin ka kai rabi ka san labarin nasa ne, Moss da Chigurh abin da ya same shi ne. Fim ya ba shi wannan murya sau ɗaya a farko, sannan ya tura shi gefe, shi ya sa idan minti ashirin na ƙarshe suka koma kansa mai kallo ke jin kamar an sauya masa tasha. Wannan rauni ne na gaske a fim ɗin, kuma shi ne tushen yawancin haushin da ake yi da ƙarshensa.

Sai dai muryar Bell tana da nata nauyin. Yana ta kukan zamani ya lalace, yara sun daina girmama manya, ƙwaya ta ci ƙasa, kamar dattijon da ke zaune a ƙofar gida bayan la'asar yana ƙirga waɗanda suka wuce ba gaisuwa. Wani wurin yana taɓa zuciya, musamman inda yake cewa har yanzu yana hira da 'yarsa da ta rasu tana ƙarama, abin da fim bai ambata ba. Wani wurin kuma wa'azi ne tsagwaronsa, za ka so ya yi sauri a koma wa Moss. Amma kada ka tsallake, domin akwai abin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin surutun. Kusa da ƙarshe ya je wurin kawunsa Ellis, tsohon ɗan sanda da harbi ya zaunar a keken guragu, ya faɗa masa abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an ba shi lambar yabo ta jarumta, alhali a daren da abin ya faru, bayan an ruguza gidan gonar da suke ciki kuma mutanensa na ƙarƙashin ɓaraguzai, duhu na yi ya gudu ya bar su. Ya yi ƙoƙarin ƙin lambar aka tilasta masa. Duk shekarun da ya yi yana sherif ƙoƙarin biyan wannan bashi ne. Fim ya yanke wannan ikirari baki ɗaya.

Dubi yadda hakan ke juya komai. Bell na fim mutumin kirki ne da ya gaji, ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya janye, kana tausaya masa. Bell na littafi mutum ne da ya taɓa gudu sau ɗaya, yanzu kuma yana ajiye aiki bai kama wanda ya kashe mutanen gundumarsa ba, kuma ya san sunan abin da yake yi. Kukan da yake yi da zamani, wani ɓangarensa kuka ne da kansa. Fim ya riƙe ɗaya rabin hirar, inda Ellis ya ba shi labarin wani kawunsu da aka harbe a ƙofar gidansa tun zamanin da, don ya nuna masa cewa ƙasar nan ba yau ta fara cin mutanenta ba, kuma ɗaukar cewa duniya kai take jira girman kai ne. Da wannan kaɗai ma fim ya isa ya nuna cewa ba a yarda da duk abin da Bell ya faɗa ba. Amma littafin ne ya ba da dalilin.

Mafarkai biyun da aka rufe da su iri ɗaya ne a duka biyun. A na farko mahaifin Bell ya ba shi kuɗi ya ɓatar. A na biyu suna kan dawaki cikin sanyi da duhu a tsakanin duwatsu, uban ya wuce shi bai ce komai ba, ɗauke da wuta a cikin ƙaho irin na mutanen da, kuma ya san zai je gaba ya hura ta ya jira shi. Sai ya farka. Masu ganin bege a ciki suna riƙe da wutar, masu ganin akasin haka suna riƙe da farkawar. Wanda ya karanta ikirarin yaƙin zai ƙara ji a mafarkin farko cewa amana ce aka ba shi ya kasa riƙewa, kuma zai tuna Bell ya ce kakansa da bai gudu ba a wannan dare.

To, wa zai ɗauki wanne? In ɗaya kawai za ka iya, ɗauki fim ɗin. Ya fi littafin tsari, ya san inda zai yi shiru, kuma hoton da Roger Deakins ya ɗauka na wannan fili mai faɗi ba itace ba inuwa yana yin aikin da shafuka da yawa ba su yi ba. In kana cikin waɗanda rashin amsa ke hana su barci, ko ka riga ka kalla ka tashi da haushi, littafin zai biya ka: za ka san inda kuɗin suka je, yadda Moss ya mutu, da abin da ke cin Bell. In kai mai rubutu ne ko mai sha'awar shirya fim, yi duka biyun a jere, ka buɗe babin Carla Jean ka kunna fitowarta, ka ga yadda cire shafi uku na magana da canza amsa ɗaya ke sauya ma'anar labari. Wanda zan ce ya fara da littafin shi ne kawai mutumin da ya san ba ya jure fim mai tafiyar hawainiya, domin in ya san tun farko cewa labarin Bell ne, ba zai zauna jiran gamon akta da bos ba. Dalilin da ya sa ga sauran mutane na ce fim tukuna shi ne, sau ɗaya kawai za ka iya tsayawa a bakin ƙofar masaukin nan ba ka san ko yana ciki ba. In ka riga ka karanta cewa yana mota, idonka zai riƙa neman motar.

Wanda kuma zai sayi littafin don ya ji an kama Chigurh, ya adana kuɗinsa. Littafin ya ɗan ƙara gaba kaɗan: yaran nan da suka ga hatsarin sun ɗauke bindigar da ya bari a mota, daga baya ta ɓulla a wani laifi, Bell ya bi sawu har ya same su ya yi musu tambayoyi. Abin da ya samu bai wuce cewa mutumin matsakaici ne, ba tsoho ba, kuma ba irin wanda za ka so ka yi wasa da shi ba. Da wannan Bell ya koma gida ya miƙa takardar ajiye aiki.